Fina-finan Daba da Dillalan Ƙwaya a Ma'aunin Shari'a: Nazari daga Masarautar Daura

Tsakure

Tun daga wajen shekarar 2020 wani nau'in fim ya yi ƙarfi a kasuwar fina-finan Hausa, wato shirye-shirye masu dogon zango da ƙaramin jari, waɗanda ake sakawa a YouTube mako-mako, labarinsu kuma yana kewaya rayuwar 'yan daba da masu sayar da ƙwaya. Wannan maƙala ta auna nau'in da ma'aunin Shari'a, tare da la'akari da halin mai kallo a Masarautar Daura. Ta nuna cewa nuna ɓarna a cikin labari yana da asali a Musulunci, kuma aibin waɗannan fina-finai yana wurare uku: sun ɗaukaka mai sayarwa sun wulaƙanta mai sha, sun ɓoye manyan da ke saman cinikin, sannan sun mayar da tuba abu mai araha.

1.0 Gabatarwa

Kiyaye hankali yana cikin larurori biyar da malaman usulu, irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi, suka ce Shari'a ta zo domin kare su, tare da addini da rai da nasaba da dukiya. Saboda haka duk wani abu da ya shafi shaye-shaye, ko da wasan kwaikwayo ne, ya shiga hurumin malamin addini. Matsalar kuwa ba ƙarama ba ce. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda. Kimanin miliyan 3 daga cikinsu suna shiyyar Arewa maso Yamma, kuma a duk mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce.

Idan annoba ta kai haka, dole ta ɓulla a cikin labaran da al'umma take ba kanta. Sau da yawa martanin mumbari ga waɗannan fina-finai bai wuce jimla ɗaya ba: suna lalata tarbiyya. Martanin masu shirya su ma jimla ɗaya ce: faɗakarwa muke yi. Kowace daga cikin maganganun biyu tana da ƙamshin gaskiya, amma babu wadda ta duba yadda aka gina fim ɗin kansa. Wannan ginin shi ne abin nazari a nan.

2.0 Asalin nau'in da yadda jari ya siffanta shi

Masana'antar fim ta Kano ta faro da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, ta kuma yi shekaru tana rayuwa a kan kaset da faifai, galibin labaranta na soyayya da zaman aure. Da kasuwar faifai ta durƙushe saboda satar fasaha da yawaitar wayoyin hannu, sai masu shiryawa suka koma ga talabijin da YouTube. Zaman gida na annobar korona a 2020 ya ƙara wa wannan ƙaura sauri. A cikin wannan yanayi ne shirin A Duniya na Tijjani Asase ya yi tashe, ya kuma fito da Daddy Hikima a matsayin Abale, sunan da ya bi jarumin har wajen fim. Shirin Sanda da wasu da dama sun bi wannan turba.

Fim ɗin daba yana da sauƙin kuɗi. Ba ya buƙatar gidan alfarma ko manyan motoci ko suturar biki. Kango, lungu, bayan makaranta, tsofaffin kaya, wuƙa da gora, sai samari masu son a gan su a allo: kayan aikin ke nan. A ɗaya ɓangaren, kuɗin da YouTube yake biya yana bin yawan masu kallo da tsawon lokacin da suka yi suna kallo. Mai shiri yana bukatar kowane kashi ya ƙare da abin da zai dawo da mai kallo mako mai zuwa, kuma babu abin da ke yin wannan aiki da araha kamar barazanar ramuwar gayya.

Daga nan wani sakamako yake fitowa wanda ya kamata mai nazari ya riƙe. A irin wannan tsari, ranar da jarumi ya shiryu ita ce ranar da kuɗin shiga zai tsaya. Don haka ko da niyyar marubuci faɗakarwa ce, kasuwa tana tilasta masa ya jinkirta darasin, ya tsawaita ɓarnar. Wa'azin minti biyar yana zuwa bayan sa'o'i masu yawa na nuna isa da kwarjini.

Wannan matsala ta girmi Kano. A Amurka, fim ɗin Super Fly na 1972, wanda aka yi da ƙaramin jari a kan wani dillalin hodar iblis a unguwar Harlem, ya sha suka daga ƙungiyoyin baƙaƙen fata da kansu, bisa zargin ya mayar da dila abin sha'awa. Scarface na 1983 ya ƙare da mummunar mutuwar jaruminsa, amma duk da haka hotonsa ya zama ado a ɗakunan matasa a ƙasashe da yawa. Mai kallo yana riƙe abin da ido ya daɗe a kansa fiye da abin da aka gaya masa a ƙarshe.

3.0 Mai kallo a Daura

Mafi yawan waɗannan shirye-shirye a Kano ake yin su, da karin harshen unguwannin Kano da saran dabarta. Amma tafiyarsu ba ta tsaya a Kano ba. Matashi a Daura ko Sandamu ko Zango ko Baure ko Mai'aduwa, wato ƙananan hukumomi biyar na masarautar, yana samun sabon kashi a ranar da ya fito, ko ta intanet ko a shagon masu tura fina-finai a waya da 'yan kuɗi kaɗan. Ana kallo a majalisa, a wurin cajin waya, da kuma a ɗaka bayan iyaye sun kwanta. Sauyin nan yana da muhimmanci ga tarbiyya: a zamanin kaset, iyali suna kallo tare a akwati ɗaya, babba yana iya tsawatarwa ko kashewa. Yanzu allon yana tafin hannu.

Daura ba birni ba ne mai cunkoson Kano, kuma abin da Katsinawa suke kira ƙauranci yana da nasa tarihin daban da dabar Kano. Sai dai masarautar tana da wata siffa da ta sa batun ƙwaya ya shafe ta kai tsaye: tana bakin iyaka. Hanyar Kwangwalam tana ratsawa zuwa Matamaye da Damagaram, ta Babban Mutum tana fita zuwa Magarya, kasuwar Mai'aduwa kuma tana tara fatake daga ƙasashen biyu. Ban da waɗannan akwai ɓarayin hanyoyi da babura suke bi. Duk wanda ya tashi a irin wannan wuri ya san cewa haja ba ta tsiro a lungu. Akwai mai kawowa, akwai mai ajiyewa, akwai mai kau da kai a shinge. Wannan sanin ne ya sa mai kallo na Daura ya fi kowa cancantar ya tambayi fim ɗin: ina sauran mutanen?

4.0 Hukuncin nuna ɓarna a cikin labari

Masu ganin haramcin nau'in gaba ɗaya suna kafa hujja da gargaɗin Suratun Nur, aya ta 19, ga masu son alfasha ta yaɗu a cikin muminai, da hadisin Bukhari da Muslim da ya keɓe masu bayyana saɓo daga rangwamen da sauran al'umma suke samu, da kuma ƙa'idar toshe kafar ɓarna wadda Malikawa suka shahara da riƙo da ita. Hujjoji ne masu nauyi.

Amma Alƙur'ani da kansa ya ba da labarin kisan kai tsakanin 'ya'yan Annabi Adamu biyu, da makircin 'yan'uwan Annabi Yusufu, da yaudarar matar Azizu, da alfaharin Ƙaruna. Huzaifa ɗan Yamani, Allah ya yarda da shi, ya kasance yana tambayar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sharri don tsoron kada ya riske shi, kuma ba a hana shi ba. Ke nan ambaton ɓarna domin a guje ta yana da asali.

Abin lura shi ne hanyar da Alƙur'ani ya bi. A ƙissar Ƙaruna cikin Suratul Ƙasas, an nuna fitowarsa cikin ado har masu son duniya suka yi burin samun irin nasa, amma nan take aka kawo muryar ma'abota ilimi, sannan aka nuna ƙarshensa, sannan aka komo ga waɗanda suka yi burin jiya suna nadama. Ba a bar mai sauraro shi kaɗai da ƙyalƙyalin ba. A ƙissar 'ya'yan Adamu, wanda aka kashe shi ne aka bai wa magana mafi daraja, mai kisan kuma aka bar shi da gawa bai san yadda zai yi da ita ba. Daga nan ma'auni yake fitowa: wa labari ya bai wa kwarjini, wa ya bai wa murya, kuma me ya nuna a matsayin farashin laifi?

Kafin a ɗora fina-finan a kan wannan ma'auni, adalci ne a ambaci abin da suka yi daidai. Sun kawo harshen titi yadda yake, ba tare da kwaskwarima ba. Sun nuna yaron da mutuwar aure ta bari a hannun titi, da ɗan siyasar da yake ɗaukar matasa haya lokacin zaɓe ya watsar da su bayansa. A cikin 'yan wasan akwai masu baiwa ta gaske. Malamin da bai taɓa zama a majalisar irin waɗannan samari ba zai iya fahimtar wani abu game da tunaninsu daga nan, musamman yadda neman a san da mutum yake tura yaro daba fiye da yunwa.

5.0 Aibobi uku

5.1 Dila jarumi, mashayi abin dariya

A tsarin da ya zama ruwan dare a wannan nau'i, shugaban daba ko mai sayar da kaya shi ne mai natsuwa, mai kalmomi masu nauyi, mai kyauta ga yaransa, wanda kyamara take ɗauka daga ƙasa ana sa masa kiɗa idan ya taho. Wanda ƙwaya ta cinye kuwa shi ne mai layi, mai jan magana, wanda aka ajiye domin raha.

Sunna ta raba matsayin akasin haka. A hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito daga Anas, an la'anci mutum goma a kan giya, kuma mai sha ɗaya ne kawai daga cikinsu. Sauran sun haɗa da mai matsawa, da mai ɗauka, da wanda aka kai wa, da mai shayarwa, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta. A gefe guda kuma, Bukhari ya ruwaito labarin sahabin da aka sha kawowa ana yi masa haddi saboda sha, har wani ya la'ance shi, sai Annabi (SAW) ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. Tsanani ya fi karkata ga masu cin riba, tausayi kuma ga wanda jarraba ta kama, ba tare da an ɗauke masa hukunci ba. Fim ɗin da ya sa mai kallo ya yi sha'awar dila ya kuma yi wa mashayi dariya ya koyar da kishiyar wannan, ko da an rufe shi da aya.

Daura tana da nata ma'aunin jarumta a labarin kafuwarta. Bayajida ya samu suna ne saboda ya buɗe wa mutane rijiyar Kusugu da aka hana su ɗiba sai ranar Juma'a. Jarumi a wannan fahimta shi ne wanda jama'a suka samu sauƙi ta dalilinsa. Jarumin fim ɗin daba kuwa darajarsa tana ƙaruwa ne gwargwadon yawan masu tsoron bin layinsu.

5.2 Sarƙar da aka yanke

Ƙwayoyin da suka fi addabar Arewa, ban da tabar wiwi, asalinsu magunguna ne: tiramol, maganin tari mai kodin, da magungunan sa barci. Tiramol mai ƙarfin miligiram 200 zuwa 250, wanda ya zarce 50 da 100 da hukuma ta amince da su, ana ƙera mafi yawansa a Indiya, ya shigo ta tashoshin jiragen ruwa a cikin kwantena, ya bi manyan kasuwannin magani, wani ya tsaya a kemis, wani ya tsallaka iyaka zuwa Nijar da gaba. Yaron da yake sayar da ƙulli a kango shi ne zobe na ƙarshe kuma mafi arha a wannan sarƙa.

Fim mai ƙaramin jari yana tsayawa a kan wannan yaro domin shi ne mai sauƙin ɗauka. Idan an nuna babba, to wani Alhaji ne marar tarihi da yake magana a waya daga cikin mota. Ba a ganin yadda kaya suke wucewa, ko yadda kuɗin yake komawa gida da fili da kujerar Makka. Sakamakon haka mai kallo yana tashi da fahimtar cewa ƙwaya matsalar 'ya'yan talakawa marasa tarbiyya ce.

Kwatanci da aikin jarida yana da amfani. A ƙarshen Afrilun 2018 sashen binciken BBC na Afirka ya fitar da rahoto kan kodin wanda ya bi kwalbar daga hannun masu sha a Kano har zuwa ma'aikatan kamfanonin da suke sayar da ita ta bayan fage. Nan da nan Gwamnatin Tarayya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin, hukumar NAFDAC kuma ta rufe kamfanoni uku na wani lokaci. Abin da ya ba rahoton ƙarfi shi ne ya ɗaga kyamara sama.

A nan fiƙihu yana da abin da zai bai wa marubucin fim. Imam Ƙarafi, wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya bambanta a littafinsa Al-Furuƙ tsakanin abin da ke sa maye tare da nishaɗi, da abin da ke gurɓata hankali, da abin da ke gusar da ji da gani gaba ɗaya. Ya sanya wiwi a kashi na biyu, Ibn Taimiyya kuma ya riskar da ita ga giya. Sun saɓa a kan haddi, amma sun haɗu a kan haramcin gusar da hankali. Tun da tiramol halal ne ga majinyaci, haram ne ga mai neman maye, to nauyin yana komawa kan sanin mai sayarwa, kamar yadda Malikawa suka hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa. Mai kemis da yake sahun farko a masallaci, wanda ya san dalilin da ya sa yaro ɗan shekara 16 yake zuwa kullum da magariba, ya kuma miƙa masa, shi ne mutumin da labarinsa ya fi kowane faɗan wuƙa zurfi. Ɗaukarsa ba ya bukatar jari mai yawa. Shago ɗaya ya isa.

5.3 Tuba mai araha

Yawanci ƙarshen irin wannan labari ɗaya ne daga biyu: hukuma ta kama, ko jarumi ya yi kuka a gaban mahaifiya ko malami, a gan shi da farar riga da carbi. Malamai, kamar Imam Nawawi a Riyadus Salihin, sun bayyana cewa tuba tana da sharuɗɗa uku, barin laifi da nadama da ƙudurin rashin komawa, idan kuma laifin ya shafi haƙƙin wani sai a ƙara na huɗu, wato sauke wannan haƙƙi. Wanda ya sayar wa yaran unguwa ƙwaya shekara da shekaru, ya sari wani, ya ƙwace wayar wani, yana da doguwar hanya a gabansa. A hadisin mutumin da ya kashe rai ɗari, malamin da ya buɗe masa ƙofar tuba ya umarce shi da barin garinsu. Fim ɗin da ya tsallake biyan haƙƙi da rabuwa da tsofaffin abokai ya koya wa matashi cewa ana iya shekara goma ana ɓarna a goge ta da hawayen dare ɗaya.

Ta ɓangaren mai sha kuma, jiki ba ya sakin ƙwaya don zuciya ta yi nadama. Akwai ciwon rabuwa da ita, akwai komawa bayan an bari, akwai iyalin da suka gaji. Daura ta ga inda wannan gajiya take kaiwa. A watan Oktoban 2019 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a garin, suka fitar da mutum 67, da yawansu da mari a ƙafa, makonni kaɗan bayan an bankaɗo irinsa a Rigasa ta Kaduna. Da yawa daga cikin waɗanda ake kaiwa irin waɗannan gidaje iyayensu ne suka kai su da hannunsu saboda shaye-shaye, don ba su ga wata mafita ba. Uban da ya biya kuɗi aka ɗaure ɗansa yana ganin gata ya yi masa, da uwar da take kai abinci ba a barinta ta gan shi: wannan shi ne labarin ƙwaya kamar yadda gidaje suka san shi, kuma yana farawa ne daidai inda fim yake rufewa.

6.0 Takunkumi da iyakarsa

A watan Satumban 2021 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Isma'ila Na'abba Afakallah, ta hana shirya fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. Damuwar da ta haifar da matakin a fili take. Amma ikon hukumar jiha yana ƙarewa a iyakar jiharta, alhali YouTube ba shi da iyaka, kuma abin da aka riga aka ɗora yana nan yana yawo daga waya zuwa waya. Bugu da ƙari, hanin da ya dogara ga maudu'i yana haɗa mai gyara da mai ɓatawa a kwando ɗaya. Fim ɗin da zai nuna mai kemis ko gidan mari da gaskiya shi ma zai faɗa ƙarƙashinsa, matsalar kuma ta ci gaba a ɓoye.

Abin da ya fi dacewa shi ne tacewa bisa yadda aka sarrafa labari: kada a koyar da hanyar haɗawa ko ɓoyewa, kada a ƙawata mai sayarwa, a nuna wanda aka cuta a matsayin mutum mai iyali da suna. Wannan aiki ne da yake bukatar malamai masu karanta rubutun fim kafin a ɗauka, da ma'aikatan lafiya da jami'an NDLEA da za su gaya wa marubuci yadda abin yake a zahiri.

7.0 Kammalawa

Fina-finan daba da ƙwaya sun taɓo ciwo na gaske, shi ya sa matasan Daura da sauran garuruwa suke binsu. An nuna cewa Shari'a ba ta hana ba da labarin ɓarna ba, amma ta koyar da yadda ake rabon kwarjini da tausayi da sakamako a cikinsa, kuma a nan ne nau'in ya gaza, galibi saboda matsin kasuwar da take biyan tsawaita laifi. Gyaran yana hannun ɓangarori uku. Masu shiryawa su ɗaga kyamara zuwa saman sarƙar, su kuma bi mai tuba har bayan tubarsa. Malamai da ɗaliban ilimi su kalli abin da suke yi wa hukunci, su ba da ma'auni dalla-dalla wanda marubuci zai iya aiki da shi. Masu hali a masarautar da manyan makarantunta kuma su tallafa wa matasan da suke da sha'awar fim, domin wanda ya biya kuɗin shiri shi ne yake yanke inda labari zai tsaya. Allah ne mafi sani.